Tsakanin Maradi da Katsina: in annoba ta ɓarke, wa ke sanar da wa?

Majo Mai Ritaya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina so mu tattauna ta nan tunda akwai ma'aikatan lahiya cikinmu, akwai direbobi, akwai ƴan uwanmu na Najeriya. Tun 29 ga Janairu 2025 ƙasarmu Nijar ta hita daga Cedeao, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, mu da Mali da Burkina, wannan kowa ya sani kuma ba siyasar abin nike so mu taɓa ba, kowa da ra'ayinshi. Tambayata guda ce. In yau amai da zawo ya ɓarke Jibiya, ko sanƙarau ya kama wani ƙauye na Katsina ko Zamfara, wa ke da alhakin ɗaga waya ya gaya ma likitocin Madarunfa? In kuma wajenmu ya fara, wa za shi gaya musu? Ku tuna kwalarar 2018, mutum ukku na farko da anka gani ƴan gida guda ne daga Jibiya, likitar N'Yelwa anka kawo su cikin watan Yuli, kahin a ankara ta bazu Madarunfa ta shigo Maradi, daga ƙarshe sai da anka ƙirga mutum sama da dubu ukku a ƙasar. Ba laihin mutanen ba ne, likitar da ta hi kusa da su sunka zo. Amma da labari ya rigaye su isowa da an shirya wurin keɓewa da ruwan jabel tun da wuri.

Saurayin Bagalam:
Wa alaikumus salam Baba Majo. Da girmamawa amma ni wallahi in anka ce haɗin kai da maƙwabta raina ɓaci yake. Ina haɗin kan yake a 2023? kwana huɗu kacal bayan juyin mulkin 26 ga Yuli sunka zauna Abuja sunka ƙaƙaba muna takunkumi, anka rufe iyaka, anka yanke muna wuta, magani ya maƙale tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ba su ce a bar na marasa lahiya ya wuce ba. Wanda ya yi ma haka shi za ka jira ya kira ka ya ce ga cuta nan tahe? mu tsaya da ƙafarmu kawai

Mai Farmasi:
Abin da yaron nan ya faɗa gaskiya ne, mu da ke cikin sana'ar mun ga tashin hankali. Insulin ya yi wuya, maganin kansa ya yi wuya, har ruwan da ake ƙara ma majinyaci sai da ya zama abin nema. Ga batun wuta, ku sani wutar Maradi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take zuwa, kuma allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in firigo ya kwana ba wuta an shiga matsala, inda babu sola ko gurup sai dai a kwashe a kai wani wuri. Sai 24 ga Fabrairu 2024 anka ɗage takunkumin. Amma ƙanena ni darasin da na ɗauka ba naka ba ne. Ni abin da na gani shi ne babu wata ƙa'ida mai ƙarfi da ta ce komi faɗan shugabanni, magani da rigakafi da labarin annoba ba su shiga ciki. Ita ya kamata a nema a rubuta a sa hannu, ko muna cikin Cedeao ko ba mu ciki

Bakatsine:
Salam. Ni daga Katsina nake amma kakata 'yar Maradi ce. Dan Allah ku daina ganin kamar mu talakawan nan mun ji daɗin takunkumin, Jibiya da Magama kasuwa mutuwa ta yi, kuma sanatocinmu na Arewa fitowa suka yi suka ce ba su yarda a kai yaƙi Nijar ba. Maganar asibiti kuwa mu ne ma muka fi cin moriyarku, matan ƙauyukan bakin boda da yawa Ɗan Issa da Madarunfa suke kai yara in tamowa ta kama su, saboda wasu asibitocin ƙauyukanmu ma'aikata sun gudu saboda 'yan bindiga. Allah ya saka muku da alheri.

Maman Biyu:
To tunda ka taɓo nan bari in faɗi abin da mata ke faɗa a layi ba a faɗa a fili. Tun 2006 gwamnati ta ce yaro ƙasa da shekara biyar kyauta za a duba shi, mun gode, amma maganin da ake kawowa da lissahin yaranmu ake kawo shi. In damina ta yi masassara ta yi yawa ka tahi tun asuba, layi har waje, kahin a zo kanka a ce magani ya ƙare ga ordonas tahi ki saya. Kuma rabin layin in ka saurari magana ka san daga ƙetare suke. Ban ce a kore su ba Allah ya kiyaye, ɗa na kowa ne, amma wa ke biyan nasu? ƙasa mai arzikin mai ta bar ma talaka ɗawainiya

Relè ta Ɗan Issa:
Yaya Maman Biyu na ji zahinki, amma ki zo nan ki kwana biyu ki gani in za ki iya rarrabewa. Mace an haihe ta wannan gehen an yi mata arme wancan gehen, in ta zo wankan gida nan take haihuwa, ta yi arba'in ta koma, yaron nan ɗan wace ƙasa ne a lissahin likita? Gona nan gida can. Ni aikina bi gida gida ne, kuma matsalar da ta hi damuna ba yawan mutane ba ce, karne ne, katin rigakafi. Namu da faransanci nasu da turancin Ingilishi. Uwa ta zo da katin Najeriya, wurin ɗigon shan inna an rubuta OPV mu VPO muka sani, wurin allurar ƙyanda mu VAR muke rubutawa su wani suna daban, yaron ma'aikaci sabon hitowa daga lakwal ya juya katin ya juya bai gane ba, sai ya buɗe sabon karne ya fara daga farko, ko ya ce ta koma inda ta fara. In ta koma gida shi ke nan ba ta sake zuwa ko'ina. Akwai wadda na gani da kati biyu ƙulle cikin leda guda a bakin zane, ɗaya ya nuna allurar haɗin cuta biyar, Penta 1 da 2, ɗayan ya nuna Penta 1 kaɗai, kuma ba wanda ya yi ma yaron ta ukku, yana da sama da wata goma

Majo Mai Ritaya:
Ɗiyata kin taɓo inda ke ciwo. Kuma ku ma'aikata matasa ku riƙe wannan, in yaro ya fara allura ya tsaya ba a komawa farko, daga inda ya tsaya ake ci gaba komi daɗewa. Jadawalin kusan guda ne, sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda da ta shawara. Takarda guda mai layi biyu a manna bangon kowace CSI, wato ƙaramar likita, ta bakin iyaka, wannan suna daidai yake da wannan, ta isa ta kashe rabin matsalar ga. Ba ta buƙatar taron shugabannin ƙasa.

Game da maganar yarona na Bagalam cewa mu tsaya da ƙafarmu, bari in ba ka labarin shan inna don kai lokacin kana ƙarami. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa sunka dakatar da ɗigon shan inna saboda zargin an sa mishi abin hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004. Mu nan ba mu dakatar ba, muna ta yawo da gilasiyar cikin rana, amma duk da haka cutar ta ƙaru wajenmu, kuma daga nan ta bi hanya ta koma ƙasashe kusan ashirin da sunka riga sunka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Abin da ya kawo ƙarshenta shi ne da anka riƙa haɗa ranakun rigakafi, mu da su rana guda, ana aje ma'aikata bakin iyaka da tasha da kasuwa, duk yaron da ke bayan uwa a ɗiga mishi ɗigo biyu a shafa tawada ga ƙaramin yatsa na hagu, in ya ƙetara wancan gehen su duba yatsa su san an yi. Da haka anka kai ranar 25 ga Agusta 2020 da OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta ce Afirka ta rabu da shan inna na asali. Da mu kaɗai munka yi da har yau muna ciki.

Malam Limanci:
Allah ya saka Alhaji Majo. Sai dai a yi ma mutanen Kano adalci, tsoronsu yana da tushe. A 1996 lokacin babbar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan ga yara a Kano, wasu sunka mutu wasu sunka nakasa, shari'a ta yi shekaru. Wanda anka yi ma haka dole ya yi ɗari-ɗari. Kuma abin da ya dawo da yarda ba jami'an gwamnati ba ne, malamai ne da sarakuna, Sarkin Musulmi da kanshi ya jagoranci sarakunan Arewa kan wannan aiki. To mu ma nan muna da wannan hanya a buɗe, Sarkin Katsinan Maradi da na Gobir a Tibiri ai zumuncinsu da wancan gehen ya girmi iyakar ita kanta. Wa'azin Kano da Zariya ake saurare a wayoyin Maradi, jita-jitar can ma ta WhatsApp take iso mu a yini guda, don haka in za a wayar da kai a yi shi da murya guda. Sannan addini ya riga ya ba mu ƙa'ida, Annabi SAW ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta ɓarke kuna ciki kada ku hita don gudunta. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka.

Saurayin Bagalam:
Yawwa Malam to ai shi ke nan, in an ji cuta can a rufe iyaka kawai

Direban Jibiya:
Kai yaro ka taɓa bin hanyar nan kuwa? Ni lodi nike Maradi Jibiya tun kana lakwal. Lokacin da Buhari ya rufe boda daga Agustan 2019 har Disamban 2020 ka ɗauka mutane sun daina wucewa? ƙofa guda anka rufe hanyoyin daji sunka buɗe, ƴan kabu-kabu sunka yi kuɗɗi, shinkafa ta wuce, mai ya wuce, amare sun wuce, gawa ma an wuce da ita. Bambancin kawai da ta bakin duwan ake bi inda akwai ma'aikacin lahiya zaune da abin auna zahi da bokitin wanke hannu, da anka rufe sai kowa ya bi inda ba mai ganinshi. In kana so mai ciwo ya ɓace ma ka rufe iyaka

Malam Limanci:
Direba ya yi gaskiya, kuma hadisin ai sharaɗinshi "in kun ji". Dole sai labari ya iso sannan mutum ya san inda za shi kauce ma. Wanda ya ɓoye annoba a garinshi don kada kasuwa ta mutu ya hana maƙwabcinshi aiki da hadisin. Maganar Alhaji Majo ke nan tun farko.

Saurayin Bagalam:
To ni in tambaye ku, ba daga Najeriya anka kawo muna allurar sanƙarau ta jabu ba a 1995? na ji manya na faɗi. mutum dubbai anka yi ma ruwa zalla

Mai Farmasi:
An yi haka, kyauta ce ta zo daga can lokacin annoba, sama da mutum 50,000 anka yi ma allurar da ba komi cikinta, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ne sunka lura kwalaben ba daidai suke ba. Kuma ba a daina ba, 2015 da 2019 duk OMS ta hidda gargaɗi kan allurar sanƙarau ta jabu da anka kama cikin Nijar. Amma ka tsaya ka duba yadda ɗan jabu ke aiki. Yana buga kwali a ƙasa guda, ya ɗura a wata, ya saida a ta ukku, ya san hukumar can ba ta magana da ta nan. In NAFDAC, hukumar kula da magunguna ta Najeriya, ta kama wani magani a Kano ta hidda lambar kwalin, mu nan yaushe za mu ji? wani lokaci sai a Facebook nike gani, alhali kwalayen sun riga sun shigo suna kan tire a tasha ana saida ma mutane tare da tramol. Mafi yawan maganin da ke yawo kasuwannin ƙauyukanmu ta wannan hanyar ya shigo, kowa ya sani. Ɗan jabu shi ya hi kowa son a daina gaisawa tsakanin hukumomin biyu.

Ɗalibi a Yamai:
Salam iyayena, ni ina karatun kiyon lahiyar al'umma, bari in ƙara abin da munka karanta. Cedeao tana da hukumar lahiya, OOAS, an ƙirƙire ta 1987, kuma mazauninta Bobo-Dioulasso anka sa, cikin Burkina da muka hita tare. Ita ke haɗa ministocin lahiya da masu sa ido kan annoba na ƙasashen, akwai kuma cibiyarsu ta yaƙi da cututtuka a Abuja. Hita daga Cedeao na nufin wannan teburin ba namu ba ne kamar da. Amma ba mu hita daga OMS ba, kuma akwai dokar lahiya ta duniya ta 2005 da ta wajabta ma kowace ƙasa ta sanar da OMS cikin awa 24 in ta tabbatar abin da ya ɓarke na iya ƙetare iyaka. Matsalar ita ce tsawon hanyar. Majo na ƙauye ya gaya ma Madarunfa, Madarunfa ta gaya ma Maradi, Maradi ta gaya ma Yamai, Yamai ta gaya ma OMS, sannan ya gangaro Abuja, Katsina, Jibiya. Mai kabu-kabu kuwa cikin minti talatin ya ƙetara da majinyacin.

Kuma don yayana na Bagalam ya ji daɗi, abin alfaharin da Nijar ta samu ma da haɗin kai anka same shi. A Janairun 2025 OMS ta ce Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar kogi, wadda ƙaramin baƙin ƙuda na bakin ruwa ke kawowa. Aikin ya faro tun 1974, ƙasashe bakwai sunka haɗu, mu da Burkina da Mali da Ghana da Kodebuwa da Togo da Benin, ana feshin koguna da jirgi don ƙudan na tashi daga kogin wata ƙasa ya sauka wata, daga baya anka shigo da maganin Mectizan. Kurkunu ma mu da Najeriya lokaci guda anka ba mu takardar rabuwa da shi, Disamban 2013

Majo Mai Ritaya:
Madalla ɗana, Allah ya yi ma karatu albarka. Ƙara musu da na sanƙarau don shi ne namu na nan. Mu da munka yi aiki kahin 2010 mun san mi ake ce ma bazara, iska da ƙura da zahi, sai a fara kawo yara wuya ya sanƙare, a shimfiɗa su ƙarƙashin rumfa don ɗaki ya cika. A 1996 kaɗai mutum kusan 25,000 sunka mutu a yankin. Da anka kawo allurar rigakafi ta MenAfriVac ƙarshen 2010, Burkina da Mali da Nijar ne na farko, Najeriya ta biyo, nau'in A ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Munka ce Alhamdulillahi. Sai ga nau'in C ya ɓullo arewa maso yammacin Najeriya wajen 2013, a 2015 ya afka muna, sama da mutum 8,000 sunka kamu sama da 500 sunka rasu, Yamai da Dosso sunka hi jin jiki, allura ta yi ƙaranci mutane na layi bakin farmasi. A 2017 ya koma ya yi ɓarna Zamfara da Sakkwato. Kun ga shekara biyu cur cutar na ƙetare tana ba mu sanarwa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta shafa ma naka ruwa, amma sai ka ga hayaƙin tukuna. Yanzu akwai sabuwar allura mai kare nau'i biyar, Najeriya ta fara amfani da ita 2024 mu ma munka bi a shekarar, to ita ma in an yi ma wannan gehen an bar wancan aikin rabi ne.

Saurayin Bagalam:
Na ji duk wannan Baba kuma ban musa ba. Amma mi zai hana AES, ƙawancenmu da Mali da Burkina, ta kafa tata hukumar lahiya mu uku? dole sai da su?

Majo Mai Ritaya:
Ba abin da zai hana, kuma ina fatan a yi, mutanen Tillaberi da Tera suna buƙatar Dori da Gao kamar yadda muke buƙatar Katsina. Amma ɗana duba taswira. Daga nan zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, Bamako kuwa ba a magana, Katsina ba ta kai 100 ba. Gulbin Maradi daga Najeriya ya taso, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo ta N'Yelwa, ya ratsa Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji sannan ya sake komawa Najeriya. Ruwa guda muke sha da su, in ya gurɓata sama mu ya iske, in mu munka gurɓata shi su ya koma ma. Kuma ba sai ta Cedeao ba, akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, ofishinta Yamai yake, ta girmi Cedeao ɗin ma. Ƙasa biyu na iya zama su biyu su shirya.

Bakatsine:
Wallahi haka ne Baba. Ga mashaƙo na 2023, Kano ce ta fi kowa kamuwa, sai ga shi a Matamaye da Damagaram. Yaran da ba a taɓa yi wa allura ko ɗaya ba su ya fi kashewa, kuma irin yaran nan sun fi yawa a ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana ma'aikata shiga, Zurmi, Shinkafi, Sabon Birni, Isa, Batsari, har wasu sassan Jibiya. To iyayen yaran nan in sun gudu ina suke zuwa? wajenku. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka Gidan Rumji da Cadakori. Hajiya Maman Biyu ki yi haƙuri, allurar da aka yi wa ɗan gudun hijira a ƙasarku ɗanki ta kare.

Maman Biyu:
Ban ƙi ba ɗan uwa, ai na ce ɗa na kowa ne. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini wa ke biya. In gwamnatocin biyu za su zauna to su sa wannan cikin lissahi, a ƙirga yaran da ke ƙetarowa a ƙara ma likitocin bakin iyaka magani da ma'aikata daidai da su, ko jihar Katsina ta kawo nata kason. Sajfam guda ce ke karɓar haihuwa dare da rana a wasu wuraren, mutum ce ita ma

Ɗalibi a Yamai:
Inna maganarki tana kan hanya, kuma ƙirgar ita ce farko. In rajista ba ta da wurin rubuta cewa majinyaci daga ƙetare ya zo, ko uwa ta ji tsoro ta ba da sunan ƙauyen nan don kada a kore ta, to a takarda yaran nan babu su, ba yadda za a nemi kuɗɗinsu wajen kowa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga CSI ta bakin iyaka ta yi rigakafi sama da ɗari bisa ɗari a rahoto, alhali akwai yaran garin da ba a taɓa ba

Relè ta Ɗan Issa:
Wannan gaskiya ne suna ɓoyewa, sai kin zauna kin sha ruwa da su sannan ta ce miki ai daga can muke. Wani abu kuma, maganin rigakahin masassara da muke rabawa yara wata ukku zuwa shekara biyar duk wata cikin damina, su ma can suna rabawa, amma ranaku ba guda ba. Yaro ya sha nan ranar Alhamis, uwa ta tahi suna ƙetare ranar Lahadi ta iske ana rabo a sake ba shi, wani kuma ya kuɓuce ma duka biyun. Magani ne mai ƙarhi na kwana ukku, ba a son a ninka. Da masu tsarawa za su haɗa kwanan wata kamar yadda anka yi ma shan inna da mun huta

Direban Jibiya:
Baba Majo ni tambayata ta aiki ce. In fasinja ya kama amai da zawo cikin mota tsakiyar hanya mi zan yi? don ya taɓa faruwa da abokin aikina, sai ya sauke mutumin bakin hanya don tsoro, abin bai yi mini daɗi ba

Majo Mai Ritaya:
Kada a sauke shi bakin hanya Alhaji, rashin ruwa ke kashe mai kwalara, cikin awowi kaɗan. Ka aje sashe biyu ukku na gishirin zawo cikin mota, sashe guda cikin litar ruwa mai tsabta guda, a riƙa ba shi yana kurɓa ko yana amai, ka nuhi likitar da ta hi kusa ko ta wane gehe ce, kada ka ce sai ka kai shi garinsu. Ka gaya ma majon wurin daga wane gari ya hau da inda sauran fasinja za su sauka, wannan labarin ya hi komi amfani gare su. Mota kuma su za su nuna ma yadda ake haɗa ruwan jabel a wanke ta, kada ka kai ta bakin gulbi ko tabki. Kai da yaron mota ku wanke hannu da sabuni kahin ku taɓa abinci. Kuma ku ƴan sandika ku nemi lambar majon CSI na kan hanyarku ku manna a tasha, nan da Jibiya duka.

Direban Jibiya:
Na gode Baba, zan kai maganar lambar wajen shugaban tasha ranar Juma'a in sha Allah

Saurayin Bagalam:
Ni dai har yanzu ban yarda mu koma Cedeao ba. Amma in likitan Madarunfa da na Jibiya za su riƙa kiran juna duk sati wannan ba ni da ja, sai dai a yi shi da mutunci, mu ba su labari su ma su ba mu, ba mu kaɗai ke bayarwa ba

Mai Farmasi:
Ba wanda ya ce a koma ƙanena, wancan na manya ne. Baba Majo ku da kunka san mutanen direksiyon lahiya ta jiha ku za ku iya kai maganar takardar sunayen alluran nan, mu sai mu buga ta mu raba

Bakatsine:
Ina da katin rigakafin ɗana a gida, in na koma da yamma zan ɗauki hotonsa in turo, Hajiya Relè sai ki turo naku a jera su.

Relè ta Ɗan Issa:
To madalla, amma ka rufe sunan yaron da na uwar da yatsa ko takarda kahin ka ɗauka. Shafin da ke da layin allurai da kwanan wata nike so, da na bitamin A in yana ciki. Namu zan ari wanda ba a rubuta komi ba wajen majo gobe da sahe